Haƙƙin Ɗan Fansho: Wace Kotu Ce Ke Da Hurumi?

Kaduna gari ne da aikin gwamnati ya haifa. Tun da Turawa suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru suka kawo ta bakin Kogin Kaduna a 1917, akawu da masinja da ɗan sanda da ma'aikacin jirgin ƙasa ne suka cika garin, kuma da yawansu da suka ajiye aiki ba su koma garuruwansu ba. Wanda ya zaga Narayi, unguwar da ke kudu da Kogin Kaduna, jingine da Barnawa, cikin ƙaramar hukumar Chikun, zai ga shaidar haka. A layi guda ana iya samun tsohuwar malamar firamare, da tsohon ma'aikacin reluwe, da soja mai ritaya, da dattijon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masaƙun Kakuri. Kowannensu yana da bashin da yake bi, ko garatutin da bai fito ba, ko ƙarin da aka sanar a rediyo amma bai gani a asusunsa ba. In hirarsu ta yi nisa, takan ƙare ne da cewa wannan magana sai an je kotu.

Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne wace kotun. Kaduna tana da kotun majistare, da kotun shari'ar Musulunci, da kotun gargajiya, da Babbar Kotun Jiha, da Babbar Kotun Tarayya, da reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara. Mutum zai ɗauka duk inda ya ga alƙali a zaune zai iya kai kukansa. Doka ba haka ta ce ba. Kowace kotu tana da huruminta, wato iyakar abin da aka ba ta ikon saurare, kuma tun 1962, a shari'ar Madukolu da Nkemdilim, babbar kotun ƙasa ta kafa ƙa'idar da lauyoyi ke karantowa har gobe: duk shari'ar da aka yi a kotun da ba ta da hurumi, komai kyan yadda aka gudanar da ita, aikin banza ce. Ana iya tayar da wannan magana a kowane mataki, ko da an kai Kotun Ƙoli. Sai mutum ya yi shekara goma yana samun nasara, a wayi gari a ce masa ya koma farko. Ga ɗan kasuwa wannan hasarar kuɗi ce. Ga mai shekara saba'in, sau da yawa ita ce ƙarshen maganar.

An daɗe ana wannan ruɗani a Najeriya. Gwamnatin soja ta kafa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a 1976 domin rigingimun ƙungiyoyin ƙwadago da masu ɗaukar aiki, amma tsarin mulkin 1979 da na 1999 duk ba su lissafa ta cikin manyan kotuna ba. Ma'aikacin jiha sai ya nufi Babbar Kotun Jiha, na tarayya ya nufi Babbar Kotun Tarayya, lauyoyin gwamnati kuwa suna jira a kowace ƙofa da hujjar cewa ba nan ba ce. Majalisar Tarayya ta yi wa kotun sabuwar doka a 2006 don ta ɗaga darajarta, sai Kotun Ƙoli a 2010, a shari'ar ƙungiyar ma'aikatan lantarki da hukumar sayar da kamfanonin gwamnati, ta ce dokar majalisa ba ta isa ta ƙwace ikon da tsarin mulki ya ba manyan kotuna ba. Wannan hukunci ne ya sa aka taɓa kundin kansa. Gyara na uku, wanda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Maris 2011, ya shigo da sashe na 254C, kuma a cikinsa akwai sakin da ya ambaci albashi da fansho da garatuti da alawus ƙarara, na kowane ma'aikaci, na gwamnati ko na kamfani, a ko'ina cikin ƙasa. Ya ce Kotun Ma'aikata kaɗai ce ke da ikon sauraron waɗannan ƙararraki.

Saboda haka amsar a yau gajeriya ce. Malamar firamare da ma'aikacin reluwe da ɗan masaƙa, in dai rigimar ta rashin biyan fansho ce ko biyan da bai cika ba, ƙofarsu ɗaya, kuma kotun tana da reshe a nan Kaduna. Shugabanta tun 2019, Mai Shari'a Benedict Kanyip, ɗan Jihar Kaduna ne daga ƙaramar hukumar Kaura, kuma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya karanta lauya.

Mutanen Kaduna sun fi sanin sunan wannan kotu ne a ƙarshen 2017, lokacin da gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare jarrabawa ta ce 21,780 sun faɗi. Ƙungiyar malamai ta garzaya Kotun Ma'aikata, kuma a Disamba kotun ta ba da umarnin wucin gadi na dakatar da sallamar. Gwamnati ta ci gaba da shirinta, malamai suka shiga yajin aiki a Janairu 2018. Ko me mutum yake gani game da ingancin malaman, abin da ya biyo baya ya shafi zancenmu kai tsaye, domin duk ma'aikacin da aka sallama tambayarsa ta gaba ita ce ta haƙƙinsa: shekarun da ya yi sun isa fansho ko ba su isa ba, wa zai biya, kuma da wane lissafi.

Wa zai biya ɗin nan shi ne inda maƙwabta huɗu na Narayi suke rabuwa. A tsohon tsari, gwamnati ce ke ɗaukar nauyin komai daga kasafin kuɗinta. Ma'aikaci yana ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, ya karɓi garatuti a dunƙule, sannan fansho duk wata har ƙarshen ransa. Tsarin ya durƙushe ƙarƙashin bashi, layukan tantancewa suka zama wurin da tsofaffi ke yanke jiki su faɗi. A 2004 gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin adashin gata, inda ake cire wani kaso daga albashin ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ya ƙara nasa, a zuba a asusu mai sunan ma'aikacin a hannun kamfanin kula da fansho. Dokar 2014 ta mai da kason zuwa 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, 10 daga mai ɗaukar aiki, hukumar PenCom kuma ita ce mai sa ido. Tsofaffin ma'aikatan tarayya da suka rage a tsohon tsari, hukumar PTAD da aka kafa a 2013 ce ke biyansu. Sojoji an fitar da su daga adashin a 2011, suna da hukumar fanshonsu ta daban. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2016, ta fara aiki da adashin a Janairu 2017, ƙarƙashin Hukumar Fansho ta Jiha.

Akwai kuma wani rukuni da tarihin Kaduna ya sa suke da yawa a nan: waɗanda suka kama aiki tun kafin ƙirƙiro jihohi na 1976. Fanshon irin waɗannan kashi biyu ne, kason jiha da kason tarayya, kuma kowane kaso da ofishin da ke biyansa. Dattijo yana iya karɓar ɗaya shekara da shekaru bai san yana bin ɗayan ba.

Sanin wannan rabe-raben ba ƙawa ba ne, domin kuskuren wanda ake ƙara yana kashe shari'a kamar yadda kuskuren kotu ke kashe ta. Malamar da ta fara koyarwa a 1990 ta yi ritaya bayan 2017 tana da kuɗi iri biyu. Akwai abin da aka tara mata a asusunta tun da adashin ya fara, akwai kuma haƙƙin shekarun da ta yi kafin nan, wanda gwamnati ce za ta lissafa ta zuba mata. In na biyun bai shigo ba, kamfanin fansho yakan ce ba zai iya kammala lissafinta ba. Ita kuwa kamfanin take gani, shi take yi wa sintiri, shi take zagi, alhali mai riƙe da kuɗin yana wani ofishin daban. Lauyan kirki zai fara da wannan tambaya kafin ya rubuta ko layi ɗaya.

Kafin kotu ma akwai matakan da doka ta shimfiɗa, kuma wasunsu kyauta ne. Dokar fansho ta 2014 ta ce wanda bai gamsu da abin da kamfanin fansho ko mai ɗaukar aikinsa ya yanke ba ya rubuta wa PenCom ta duba. In hukuncin hukumar bai yi masa ba, sai ya zaɓi masu sasanci ko Kotun Ma'aikata. A dokar 2004, kotun musamman ta harkar hannun jari aka tura irin wannan ƙorafi, kotun da ɗan fansho bai ma san da ita ba. Gyaran 2014 ya yi daidai da ya dawo da maganar inda ta dace. Sannan akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, marigayi Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule na cikin waɗanda suka fara jagorantarta. Tana da ofis a kowace jiha, ba ta karɓar ko kwabo, kuma wasiƙarta takan tayar da fayil ɗin da ya kwanta. Sai dai ba ta da ikon tilasta biya, kuma ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu. Ita kanta Kotun Ma'aikata ta buɗe cibiyar sulhu a 2015, inda alƙali ke iya tura ɓangarorin biyu su daidaita, in sun amince a mai da yarjejeniyar hukuncin kotu.

Idan an shiga ciki, takarda ce ke magana. Takardar kama aiki, ta tabbatar da aiki, ta ƙarin girma na ƙarshe, takardar albashi ta ƙarshe, wasiƙar amincewa da ritaya, da bayanin asusun banki da ke nuna abin da ya shigo da watan da ya tsaya. Kotun tana son a faɗi adadin kuɗin da ake bi, a nuna dokar ko sanarwar gwamnati da ta ba da shi, a kuma nuna yadda aka yi lissafin. Ƙararraki da yawa masu gaskiya sun faɗi a nan, saboda mai ƙara ya ce a biya shi haƙƙinsa bai ce nawa ba ne. Dokar kotun ta 2006 ta ba ta damar sassauta ƙa'idojin shaida in adalci ya buƙaci haka, kuma ta tanadi cewa ƙarar da aka kai kotun da ba ta dace ba a tura ta inda ya kamata maimakon a kore ta. Wannan tanadi ya ceci mutane, amma tura fayil daga kotu zuwa kotu ma yana cin watanni.

Tsarin mulki a kan kansa yana bayan ɗan fansho. Sashe na 173 ya kare ma'aikacin tarayya, na 210 ya kare na jiha, da kusan kalmomi iri ɗaya. Ba a riƙe fansho ko garatuti, ba a rage su ta yadda za a cuci mai su, sai abin da doka ta halatta. Ana sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka yi ƙarin albashi, wanda ya riga zuwa. Ba a kuma cire masa haraji. Sakin nan na shekara biyar shi ne wanda gwamnatoci suka fi takawa, shi ya sa ake samun tsohon da ya yi ritaya a shekarun 1990 yana karɓar abin da ba ya sayen mudun shinkafa biyu. Kaduna ta ɗaga mafi ƙarancin fansho zuwa naira 30,000 a 2020, abin da ya kamata a yaba, ko da yake tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023 ta cinye yawancin amfaninsa.

To, in doka ta fito fili haka, me ke kayar da 'yan fansho? Na farko wata tsohuwar doka ce ta kare jami'an gwamnati, wadda Turawan mulki suka kafa a 1916, suka kwafo ta daga wata dokar Ingila ta 1893. Ta ce duk mai ƙarar jami'in gwamnati kan abin da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa, ya shigar da ƙara cikin wata uku, in ba haka ba ƙofa ta rufe. Jihohi ma suna da irinta. A duba yadda ɗan fansho ke rayuwa: wata ukun farko bayan ritaya yana jiran fayil ne, ana ce masa ya dawo mako mai zuwa, shi kuma tarbiyyar aikin gwamnati ta koya masa haƙuri da bin matakai. Kafin ya yi tunanin lauya shekara biyu ta wuce. Ranar farko a kotu lauyan gwamnati zai miƙe ya ce lokaci ya ƙure, ba tare da ya musa bashin ba.

Kotuna sun yi ƙoƙarin toshe wannan rami. A 2010, a shari'ar Babban Bankin Najeriya da Amao, wadda tsofaffin ma'aikatan bankin suka shigar kan daidaita fanshonsu, Kotun Ƙoli ta ce tun da duk wata ake biyan fansho, duk watan da aka biya shi a tauye sabon dalilin ƙara ne. Wannan hukunci garkuwa ce babba. Daga baya, a shari'ar hukumar rabon arzikin ƙasa da Ajibola Johnson, kotun ta ƙara da cewa dokar wata uku ba ta shafi yarjejeniyar aiki ba. Amma a 2021, a shari'ar Idachaba da Jami'ar Aikin Gona ta Makurdi, ta yi amfani da dokar ta kori ƙarar ma'aikata. Lauyoyi na kowane ɓangare yanzu suna da hukuncin da za su ɗauko. Shawarar da ta fi aminci ga mai ritaya ita ce kada ya dogara da wannan saɓani: ya rubuta takardar neman haƙƙinsa da wuri, ya riƙe kwafi mai hatimin karɓa, ya nemi lauya tun ƙafarsa tana iya hawa bene. Ingila, inda aka samo dokar, ta soke tata tun 1954. Babu hujjar da za ta sa a ci gaba da barin ta tana aiki a kan kuɗin da mutum ya riga ya yi wa gumi, kuma layi ɗaya daga Majalisar Tarayya ya isa ya fitar da fansho daga ƙarƙashinta.

Ba kowace rigima mai sunan fansho ce ta Kotun Ma'aikata ba, kuma nan ma ana tuntuɓe. Satar kuɗin fansho laifi ne, ana gurfanar da shi a manyan kotuna. Abdulrasheed Maina, wanda ya shugabanci kwamitin gyaran fansho na tarayya, Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ce ta ɗaure shi shekara takwas a Nuwamba 2021. Hukunci irin wannan ba ya sa wa ɗan fansho ko sisi a asusu. Nasa bashin sai ya bi shi daban. Haka in ma'aikaci ya rasu. Dokar 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, kuma kamfanin fansho ba ya sakin abin da ke asusun mamaci sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiyarsa, wadda ake nema a sashen gado na Babbar Kotun Jiha. Wanda aka rubuta a fayil a matsayin ɗan'uwa mafi kusa ba shi ne mai kuɗin ba, kuskuren fahimtar da ya raba gidaje da yawa. Rabon kansa, ga iyalin Musulmi kotun shari'a ce, ga wasu kotun gargajiya ko Babbar Kotu, bisa tsarin kotuna da Kaduna ta shimfiɗa a 2001 zamanin Gwamna Ahmed Makarfi. A unguwa irin Narayi, inda kabilu da addinai suka cakuɗa, gwauruwa ɗaya tana iya bin kotu biyu ko uku kafin kuɗin mijinta ya shigo hannun 'ya'yanta.

Wasu ƙasashen sun bi wata hanya. Pakistan tun 1973, Indiya tun 1985, sun ware kotuna na musamman ga ma'aikatan gwamnati kaɗai. A Nijar, bisa gadon Faransa, ma'aikacin gwamnati a Maraɗi yana kai ƙarar hukuma gaban alƙalin harkokin mulki ne, na kamfani kuma ya tafi kotun ƙwadago. Najeriya ta haɗa kowa a rumfa ɗaya, kuma wannan ya fi sauƙi ga talaka, domin ba sai ya fara tabbatar da ko shi wane irin ma'aikaci ne ba.

Bayan hukunci akwai ɗaukaka ƙara. Kotun Ƙoli ta warware a 2017, a shari'ar bankin Skye da Iwu, cewa ana iya ƙalubalantar duk hukuncin Kotun Ma'aikata a Kotun Ɗaukaka Ƙara, galibi bayan an nemi izini, kuma daga can magana ta ƙare, ba a wucewa Kotun Ƙoli. Matakai biyu maimakon uku rahama ce ga tsoho, ko da yake gwamnati ce ta fi kowa amfani da matakin na biyu, tun da ita lokaci ba ya cin ta.

Abu na biyu da ke kayar da 'yan fansho yana zuwa ne bayan an yi nasara. Takardar hukunci ba kuɗi ba ce. Tsofaffin ma'aikatan masaƙar Kaduna ta Kakuri, wadda aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, sun haura shekara ashirin suna neman haƙƙinsu daga masu kamfanin, da yawansu sun rasu suna jira, matansu da 'ya'yansu ne ke fitowa da kwalaye yanzu. In wanda ake bi ɗan kasuwa ne mai kuɗi a banki, lauya yana iya neman kotu ta umarci bankin ya biya kai tsaye daga asusunsa. In gwamnati ce, sai a ci karo da sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu, ita ma ta zamanin Turawa, wadda ta ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da yardar Antoni Janar, na tarayya ko na jiha. Kotuna sun sassauta wannan sharaɗi a wasu yanayi, amma yana nan a littafi, kuma ana ɗauko shi. Malamar da ta ci shari'a a Kotun Ma'aikata, ta sake ci a Kotun Ɗaukaka Ƙara, lauyanta zai zauna ya rubuta wasiƙar neman izini zuwa ma'aikatar shari'a, wadda lauyoyinta ne suka tsaya suna jayayya da ita tun ranar farko.